Gwangwanin da Na Hana Baba Harun Taɓawa

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin, don girman Allah ka ɗora mini wannan saƙo ba tare da sunana ba, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Na daɗe ina karanta matsalolin mutane a nan, har nakan tsoma baki in ba da shawara kamar wani mai hankali, yau ga shi abin ya zo kaina. Don Allah ku taimaka mini da shawara, kwana uku kacal gare ni kafin in buɗe baki in yi magana. Wanda zai zage ni ya zage ni, na cancanta, amma in ya gama zagin ya gaya mini abin yi.

Ni bakanike ne a Gadarif, nan ƙasar Sudan. Kakanninmu ne suka taso daga ƙasar Hausa suka zauna a nan, don haka in kun ji Hausata ta ɗan karkace ku yi haƙuri, da Larabci muke cuɗa ta. Ina da ƙaramin gareji, mu a nan warsha muke cewa, kuma yawancin aikina motocin manoma ne, tarakta da a-kori-kura wadda muke kira boksi. Ga waɗanda ba su san yankinmu ba, noman nan na manyan gonaki ne, riɗi da dawa iya ganinka, da tarakta ake yi, kuma kowace gona tana da sansani a tsakiyarta inda ma'aikata suke kwana, shi ake kira kambo. Ƙasar baƙar laka ce. In damina ta kankama hanya takan mutu, motar da ta shiga kambo ta shiga ke nan, wani lokaci sai ta yi wata uku ba ta ga gari ba. Ku riƙe wannan, domin ni na san shi tun ina yaro, ba ni da uzurin cewa ban sani ba.

Mijin yayata, zan kira shi Haj Usman, yana da gona ta wajen Fashaga. Yana da wata tsohuwar boksi mai injin gas, ita ke kai wa kambo ruwa da abinci, ita ke kwaso 'yan ƙwadago. Bara ya ce ba ta da ƙarfi a laka, na sa mata tarbo, wato abin nan da ke cusa wa inji iska da ƙarfi. Motar ta farfaɗo, amma da yake injin ya tsufa, tururin baƙin mai ya riƙa fitowa ta tiyon numfashi yana komawa hanyar iska, duk lokacin da na kwance tiyo sai in tarar da shi sharkaf da mai. Ina cikin kalle-kalle a waya na ga abin da ake kira kach-kan, wani ɗan gwangwani ne na alminiyam da ake sawa a tsakanin tiyon numfashin da hanyar iska, tururin ya bi ta cikinsa, man ya kwanta a ƙasa, iska ta wuce da tsabtarta. A gindinsa akwai ɗan famfo, lokaci lokaci sai a buɗe a zubar da abin da ya taru. Iyakar ilimin ke nan. In ba a zubar ba ya cika, tarbo zai zuƙe man gaba ɗaya ya watsa wa inji, kuma injin gas in ya sami baƙin mai ta hanyar iska cinsa yake yi kamar gas, ya haukace, ko ka kashe makulli ba zai tsaya ba. Na sa aka kawo mini gwangwanin guda ɗaya. A layinmu kaf babu wanda ya taɓa sa shi, kuma ba zan ɓoye muku ba, wannan ne ya fi burge ni.

Direban motar shi ne Baba Harun. Dattijo ne, ya ba sittin baya, tun zamanin mahaifin Haj yake tuƙa wa gidan mota, kuma aminin marigayi mahaifina ne, a hannunsa na fara riƙe sitiyari. Mutum ne da in ya sallame asuba, kafin ya kurɓi shayi sai ya buɗe bonet ya zaro sandar awon mai ya goge da wani tsumma da ba ya rabuwa da aljihunsa. A Gadarif in ana maganar direban da bai taɓa kashe inji ba, sunansa ake fara kira. Aibinsa ɗaya, tsokana. Bakinsa ba ya barin kowa, ni kuma Allah ya yi ni da saurin hawa, musamman in an taɓa aikina.

Ranar da na sa gwangwanin, ana saura 'yan kwanaki damina ta faɗi, warsha cike take da direbobi da makanikai, ana zaune wajen mai shayi. Na yi aikin da kyau, wannan kam ba na shakka. Na yanka ƙarfe na yi masa mazauni a gefen batir, na ja tiyo biyu, na ɗaure da kilif, na goge shi yana ƙyalli. Baba Harun ya leƙo ya daɗe yana kallo, sai ya juya wajen jama'a ya ce, “Ya jama'a, ku zo ku ga, usta ya sa wa makana jabana. Saura finjali da citta.” Usta ni ke nan, haka ake kiran bakanike a nan, makana inji ne, jabana kuwa ita ce 'yar tukunyar da muke dafa gahawa a ciki, kuma wallahi da kama, har da ɗan bakin. Wurin ya kece da dariya. Wani ya ce a tambayi motar sukari nawa take sha, wani ya ce yaran yanzu a waya suke koyon aiki. Shi Baban ya ci gaba, wai shekara talatin da wani abu yana tuƙi bai ga injin da ya mutu don rashin jabana ba. Ni kuma na ji kamar an watsa mini ruwan zafi, kunnuwana har ƙaiƙayi suke yi.

Da dariyar ta lafa sai ya dawo kusa da ni, ya sassauta murya ya ce, “To ya waladi, ɗana, wasa ya ƙare, me ake yi mata? Ana zuba wani abu ne, ko ana dubawa?” Ku ji fa, shi da kansa ya tambaya. Da na ce masa duk sati ya murɗa ɗan famfon ya zubar, da magana ta ƙare, numfashi ɗaya ne. Amma na san ina faɗin haka zai juya ya ce ashe har tsiyayewa ake yi kamar jabanar gaske, a sake kwashewa da dariya. Sai na ɗaure fuska na ce masa wannan ba aikin direba ba ne, aikin masu ilimin inji ne, kada ya kuskura ya taɓa shi, in ya taɓa wani abu ya lalace ba ruwana. Na faɗa da ƙarfi don kowa ya ji. Ya dube ni, ya ɗan yi murmushi, ya ce, “Halas ya usta, shi ke nan, na ji. Hannuna ba zai taɓa jabanarka ba.” Duk wanda ya san Baba Harun ya san in ya ce ba zai yi abu ba, to an gama.

A raina na ce ai zai dawo gari kafin hanya ta rufe, in zubar da kaina, in ya so in nuna masa muna mu biyu. Bayan kwana biyu aka yi ruwan farko mai ƙarfi, Haj ya sa aka loda iri da gas da buhunan gari, motar ta shige kambo. Ban ma san sun tafi ba sai da yayata ta gaya mini.

Da a nan abin ya tsaya da sai in ce mantuwa ce, in lallashi kaina. Amma wajen tsakiyar damina Baba Harun ya kira ni. A kambon babu sabis sai an hau wani tudu, tafiyar kusan rabin awa a ƙafa cikin taɓo, dattijon nan ya taka ya je don kawai ya tambaye ni. Ya ce yana ganin mai yana ɗan raguwa a sanda, ba da yawa ba, ya ƙara? Yana faɗi na san inda man yake tafiya, yana taruwa a gwangwani. Na buɗe baki zan faɗa masa, sai na ga mutanen nan dai na ranar suna zaune kusa da ni suna shan gahawa, ɗayansu har yana cewa in gaishe da mai jabana. Na ce masa ya ƙara kaɗan, zan kira shi anjima akwai magana. Anjima na kira, ya riga ya sauka daga tudun. Na sake kira washegari, bai shiga ba. Ina da lambar wakilin gonar, zan iya tura saƙo ya same su duk ranar da suka hau tudu, ban tura ba. Na riƙa gaya wa kaina gwangwanin ba zai cika da wuri haka ba, daga nan aiki ya yi yawa, taraktoci suna ta lalacewa a lokacin shuka da noma, maganar ta bi ruwa.

Abin ya faru a makon yankan riɗi. Wanda bai san riɗi ba, in ya nuna ba ya jira, kwanaki kaɗan ne, in ba a yanke ba kwanson ya buɗe ya zube a ƙasa, wahalar shekara ta tafi. A wannan makon motar ba ta hutawa. Yadda wakilin ya ba ni labari, da hantsi ne, Baba Harun ya ɗauko masu yanka sun fi goma a baya, ya gangara wani kwari, yana haurowa motar ta ɗaga kai, sai injin ya kurma wani irin ihu, farin hayaƙi ya turnuƙe har ba a ganin mutum. Ya taka kuloci, ya daka wa mutanen tsawa su dira, ya kashe makulli, injin bai ma san an yi ba. Kowa ya watse cikin gona, ana jiran ta fashe. Shi bai gudu ba. Ya ja birkin hannu, ya fito ya buɗe bonet a cikin hayaƙin nan, ya fizge tiyon iska, ya kwance rawaninsa ya cusa a bakin tarbo. Injin ya shaƙe ya mutu. Hannunsa na dama ya ƙone tun daga yatsu har wuyan hannu, don ya dafa ƙarfe mai zafi. Babu wanda ya sami ko ƙwarzane cikin mutanen da ya ɗauko, amma injin ya riga ya gama, fistan ya narke.

Washegari hanya ta ɗan bushe, Haj ya ɗauke ni a wata mota muka je. Tun a hanya jikina ya gaya mini. Muna isa na buɗe bonet, ga guntun rawanin nan a maƙale ya yi baƙi ƙirin. Na kai hannu na ƙwanƙwasa gwangwanin da yatsa, bai yi ƙara ba, dam yake. Tiyon da ya fita daga cikinsa yana ɗigar da mai. Ko makaho ya shafa ya san abin da ya faru, amma babu wanda ya san aikin abin a wurin sai ni. Haj ya matsa gefe yana faɗa da wakili a kan riɗin da ke zuba, Baba Harun yana zaune a inuwar tirela an naɗe masa hannu da ƙyalle. Na sunkuya kamar ina duba ƙasan mota, na murɗa ɗan famfon, baƙin mai haɗe da ruwa ya tsiyaye a ƙasa, na tura ƙasa da ƙafa na rufe. Ban tsara ba, ban yi tunani ba, hannun ne kawai ya yi, amma nawa ne.

Da Haj ya dawo ya tambayi Baba Harun abin da ya yi wa motar. Dattijon, da gaskiyarsa, ya ce bai yi komai ba, sai dai shekaranjiya ya ƙara mata mai kaɗan kamar yadda ya saba. Haj ya juyo ya kalle ni, ya ce ƙarin man zai iya jawo wannan? Sandar awo ba za ta nuna komai ba, injin ya riga ya shanye rabin man a haukarsa, babu mai iya ƙaryata ni. Na ce eh, in mai ya wuce layi zai iya. Ya ce to shi ne ya jawo? Na ce ga alama. Iyakar abin da na faɗa ke nan, ban ƙara ko kalma ba, ban kuma ɗaga ido na kalli inuwar tirelar ba.

Haj mutum ne mai zuciya a kusa, ga riɗinsa yana zuba a gaban idonsa, ga masu yanka babu ruwan sha babu motar kawowa. Ya hau dattijon nan da faɗa a gaban leburori, wai tsufa ya kama shi ya ƙi yarda, wai ido ya tafi ana ta taurin kai, ya kashe masa mota ya kashe masa shekara. Baba Harun bai mayar ba, sau ɗaya kawai ya ce, “Malesh ya Haj, ka yi haƙuri, ƙaddara ce.” Wannan ya ƙara tunzura Haj. Akwai wata muguwar ɗabi'a da wasu mazan nan suke da ita, in rai ya ɓaci sai mutum ya rantse da sakin matarsa. Haj ya ɗaga hannu ya rantse da saki cewa Harun ba zai sake riƙe sitiyarin motarsa ba muddin yana raye. Wakili ya yi ta salati yana riƙe shi, amma magana ta riga ta fita. Matar da aka rantse da aurenta yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma igiya biyu sun riga sun tafi ta irin wannan bakin nasa, saura ɗaya.

Kwana uku kafin a samo motar haya, riɗi mai yawa ya zube. Aka jawo boksin zuwa warshata, na zauna na sake ɗaure injin tun daga tushe, na yi aikin da ban taɓa yin irinsa ba, kamar hakan zai wanke wani abu. Haj ya yi ta yabona a gari, wai ba don ƙanin matarsa ba da motar ta zama ta 'yan gwangwan. Har ya ce in sa wa sauran motocinsa irin gwangwanin. Na sa. Sabon direban da ya ɗauka, na tsayar da shi na nuna masa famfon sau uku, na ce duk Juma'a ya zubar, ya ce ai wannan ba wuya. Duk wanda na sa wa yanzu sai na yi masa wannan karatun har ya gaji. Kuma kullum ina jiran ranar da wani direba zai zauna kusa da Baba Harun a wajen shayi ya ce bari in je in tsiyaye jabana, dattijon ya tambaye shi wace tsiyayewa.

Shi kuwa tun daga ranar yana gida. Hannun ya warke amma fatar ta tattare, yatsu biyu ba sa miƙewa sosai. Ba yunwa ce matsalarsa ba, 'ya'yansa suna ƙoƙari. Sunansa ne ya mutu. Gari ya ɗauka cewa Harun ya tsufa, ya cika wa inji mai har ya ƙone. Waɗanda ya koya wa tuƙi suna ba da labarin suna dariya, babu mai maganar mutum goma sha wani abu da ya sauke lafiya, babu mai maganar rawanin. Ya daina zuwa layin warsha gaba ɗaya, mutumin da in bai zo ba wurin ba ya daɗi. Lokacin kwasar dawa ya zo, kowane manomi yana neman direba ido rufe, shi babu wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Abin da ya fi ci mini rai, bai taɓa zargina ba. Bai haɗa gwangwanin da abin da ya faru ba ko kaɗan, na ce kada ya taɓa, bai taɓa ba, a wurinsa magana ta ƙare. Shi ma ya yarda laifinsa ne.

Ni dai na rasa sukuni. Abinci ba ya mini daɗi, matata tana ta tambaya ko ba ni da lafiya, na ce gajiya ce. In na tsaya sallah baƙin man nan nake gani yana shiga ƙasa. Sau biyu ina zuwa gidan Haj da niyyar faɗa. Na farko na tarar da baƙi. Na biyu na same shi shi kaɗai, yayata ta kawo mana shayi tana tsokanata wai na rame, na kalle ta na kalli yaranta, na sha shayin na tashi. Domin ku duba, in na faɗa, Haj zai gane ya wulaƙanta aminin gidansu a kan ƙarya, kuma na san shi, duk zafinsa yana da kunya, zai so ya mayar da dattijon kan motarsa. In ya mayar, rantsuwar fa? Na ji malamai sun saɓa a kan irin wannan, wasu sun ce kaffara ce, wasu sun ce saki ya auku, ni ba malami ba ne, kuma ina tsoron in je in tambaya a gane ni. In bai mayar ba, zai zauna da sanin cewa ni na sa shi ya ɗora igiyar ƙarshe a kan maganar da na san ba haka take ba. Ko ta ina aka bi, yayata ce a tsakiya, ita da ba ta san ma mene ne tarbo ba. Ba zan yi muku ƙarya ba kuma, ina tsoron wa kaina. Bakanike sunansa ne jarinsa. In aka ji na kashe inji, wannan mai sauƙi ne, kowa yana kuskure. In aka ji na zubar da shaida na rufe da ƙafa na bar dattijo da laifi, babu manomin da zai sake ba ni makullinsa, kuma ba zan ga laifinsu ba.

Na so in ci gaba da yin shiru, ina cewa lokaci zai rufe. Sai jiya da la'asar ina ƙarƙashin wata tarakta na ji sallama, na leƙo, Baba Harun ne, karo na farko tun bayan abin. Na fito ina goge hannu, na rasa inda zan sa idona. Sanye yake da tabarau, irin na kasuwa mai kauri, ya yi masa yawa yana zamowa a hanci. Na kawo masa kujera, muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ce wani manomi daga Hawata yana neman direba, wani ɗan uwa ya yi masa hanya, amma mutumin ya ji labarin motar Haj, ya ce ba zai ɗauka ba sai ya ji daga bakin bakaniken da ya buɗe injin. Ranar Alhamis manomin zai shigo gari kuma zai biyo ta warshata. Mutumin abokin Haj ne, duk abin da na gaya masa kafin magariba ya isa kunnen Haj.

Na ce, “Baba, me kake so in ce masa?”

Ya ce, “Ya waladi, ni na ba shi sunanka. Na ce masa ɗan wane ne, ubansa bai taɓa yi mini ƙarya ba. Kada ka kare ni, ka faɗa masa abin da ka gani, ba na son cin abinci da ha'inci.” Ya ciro tabaran ya goge da bakin riga ya mayar. “Amma ka ƙara masa da cewa na sayi wannan. Yanzu ina ganin layin sandar tsaf. Na gwada a motar maƙwabcina sau da yawa, ban wuce ba ko sau ɗaya.”

Na ce to. Ya sa mini albarka, ya tafi. Na shiga bayan warsha na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Mutumin nan idonsa lafiya lau, na sa shi ya je kasuwa ya sayi tabarau.

'Yan uwa, ga inda nake. Na yi tunanin in ce wa mutumin Hawata injin ne kawai ya tsufa, ba laifin kowa ba, wata ƙila ya ɗauke shi, amma Haj zai ji ya tambaye ni me ya sa na canza magana, kuma ko an ɗauke shi, Baba Harun zai ci gaba da yarda shi ya kashe motar, ƙarya ce dai a kan ƙarya. In kuma gaskiyar zan faɗa, da wa zan fara? Da Haj, kafin ya ji a waje? Da yayata, tunda aurenta ne a ciki? Ko in nemi malami tukuna a kan rantsuwar? Masu ilimi a cikinku ku taimaka mini da wannan. Zuciyata tana ce mini dattijon ne ya fi kowa haƙƙin ya fara ji, in je gidansa gobe in durƙusa. Na yi ta gwada maganar a bakina, ina iya faɗin gwangwanin, ina iya faɗin wayar da ya taka taɓo ya yi mini, amma in na zo wajen da na murɗa famfon yana zaune da ƙonannen hannu taku goma daga inda nake, sai harshena ya ƙi. Wanda ya taɓa neman gafarar irin wannan, don Allah ya gaya mini ta ina ake farawa. Yau Litinin.